Waiwaye: Yadda Waƙar Coci Ta Koyi Tafiya da Ƙafa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da coci a Jos, ko Kafanchan, ko Numan, ko Sabon Garin Zariya, ya san muryar matan Zumunta ko da bai taɓa taka ƙofar cocin ba. Mace ɗaya ta ja baiti, saura su amsa, tulu yana gurnani daga ƙasa, caki yana biye. Abin ya zama jiki har mutum ya ɗauka da haka Kiristanci ya iso ƙasar nan. Ba haka ba ne. An daɗe ana ja-in-ja kafin a bar tulu ya shiga majami'a, kuma a labarin shigarsa akwai darasi ga cocin yau kan zama da maƙwabta.

Turawan mishan da waƙoƙinsu suka zo. Mutanen SIM sun fara yunƙurin shigowa a 1893, SUM ta yada zango a Wase a 1904, Dakta Walter Miller na CMS kuma ya zauna a birnin Zariya a 1905, kafin daga baya mishan ɗin ta koma Wusasa. Da yake Hausa ce harshen kasuwa da fatauci, ita suka riƙa a matsayin harshen sujada, har a wuraren da ba Hausawa ba ne. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Waƙoƙin Ingila da Amurka ma aka mayar da su Hausa, aka tara a Littafin Waƙoƙi, amma karin waƙar aka bar shi yadda yake a can.

A nan gizo ya yi saƙa. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, wata doguwa wata gajera, ga kuma hawa da saukar murya. Karin da aka tsara domin Turanci bai san da wannan ba. Sai ka ji an ja gaɓar da ya kamata a datse, an ɗaga murya inda Bahaushe zai sauke ta. Ga shi kuma da yawa daga masu rerawar, Birom da Angas da Bachama da Bajju da Tangale, Hausar ma ba da ita suka tashi ba. Ganga kuwa an hana ta a yawancin majami'u, domin a idon Turawa da tubabbun farko tana tafe da tsafi da shan giya, kamar yadda garaya da goge suke tafe da bori. Ba a raina waɗannan waƙoƙi na littafi ba, har yau da su ake rakiyar dattawa zuwa kabari, mutane suna zubar da hawaye. Sai dai waƙoƙi ne na cikin gini. Wanda ke wucewa a waje yakan ji su a matsayin abin baƙi.

Abin da ya kai mishan cikin jama'a a wancan zamani magani ne da makaranta. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, don haka ta daɗe tana takura wa masu bishara a ƙasashen sarakunan Musulunci. Ƙofar da ta buɗe a shekarun 1930 ita ce ta jinyar kutare: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Molai kusa da Maiduguri. A Nijar ma asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, shi ya sa manoman karkara suka san mishan. Ke nan aiki ya rabu gida biyu, waƙa tana ciki, taimako yana waje.

Mata ne suka haɗe su. Zumuntar Mata ta fara ne da ɗan taron tsakiyar mako, ana koyon karatu da tsabta da ɗinki da addu'a. Yawancin matan ba su iya karatu ba tukuna, saboda haka littafi bai yi musu amfani ba. Sai suka koma ga abin da suka iya tun suna 'yan mata: waƙar amshi, irin ta niƙa da daka da ta dandali. Suka ɗauki labarin Yusufu da 'yan'uwansa, da na Ayuba, da na Rut da surukarta, suka zuba a kari na gida wanda ba ya karya harshe. Abin kiɗa kuma suka ɗauko daga tsakar gida: tulu da ƙwarya da caki. Da wuya dattijon ikilisiya ya tashi ya ce tulun ɗiban ruwa kayan tsafi ne. Ta wannan ƙaramar ƙofa kiɗa ya shiga, ganga kuma ta biyo baya.

Abin lura shi ne inda suka riƙa kai waƙar. Matan Zumunta ba sa jiran Lahadi. In an haihu suna gidan mai jego da sabulu da itace. In an yi rasuwa suna can tun kafin a haƙa kabari, su yi girki, su kwana da masu makoki. Asibiti da gidan yari suna cikin zagayensu. Suna tafe cikin anko, suna rera waƙa a hanya, a kansu akwai ƙwaryar hatsi. Maƙwabcin da ba ya bin addininsu ya fara jin waƙar ne ranar da aka shigo yi masa jaje ko barka, daga bakin matar da suke haɗuwa a rijiya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma waƙar matan nan a ƙafa ta yi suna.

Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara karatun mata a cikin waƙoƙi, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna bin ƙauyuka da su, ɗalibansu mata da ake kira 'Yan Taru suna haddacewa. Ba wanda ya kwafi wani. Ƙasar ce ta koya wa kowa cewa saƙon da ake so ya shiga tsakar gida, a bakin mace da kari mai daɗi yake shiga.

A farkon shekarun 1960 maza da matasa suka bi sahu. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda majami'u dabam-dabam suka haɗa hannu a kai, ya ɗora aikin bishara a wuyan kowane mai bi, ba fasto kaɗai ba. Ƙungiyoyin Sabon Rai suka riƙa bin ƙauyuka da rani, da ganguna da waƙoƙin da suka ƙirƙira da kansu. Rediyo ya ƙara wa abin nisa. Tashar ELWA ta fara watsa shiri daga Laberiya a 1954, Muryar Bishara kuma tana shirya na Hausa a Jos, ana watsawa daga Addis Ababa, har zuwa 1977 da gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar.

Daga nan zamani ya juya. Jita da kibod da janareta suka shigo, majami'un Fentikos suka yawaita a birane, kaset ya bazu. An samu riba, ba shakka. Mawaƙa irin su Panam Percy Paul, ɗan Adamawa, sun kai waƙar bishara ta Arewa inda ba ta taɓa zuwa ba, matasa da yawa kuma a coci suka koyi sana'ar kiɗa. Amma an yi asara ba a ankara ba. Waƙa ta hau dandamali, ta zama ta 'yan ƙalilan masu riƙe da makirfo, yawanci da Turanci. Tsohuwar da a da take jan baiti ta koma 'yar kallo. Kayan kiɗan da sai da wuta suke aiki ba sa zuwa gidan makoki a ƙauye.

A daidai wannan lokaci rikici ya raba unguwanni. Bayan Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000 da Jos a 2001, mutane suka tattara kowa ya koma cikin nasa. Ƙafa ta daina ƙetarawa, sai aka ɗaura lasifika a kan rufi ana fuskantar da ita waje, wai don saƙo ya kai. Lasifika tana kai sauti, amma ba ta gaisuwa, ba ta tambayar ya mai jiki. Mai jinyar da ya kasa barci saboda addu'ar dare ta majami'ar da bai san kowa a cikinta ba, ba bishara yake ji ba, hayaniya yake ji. Wannan magana ta shafi kowane wurin ibada, amma yau da coci nake.

Tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, kuma wuya ce ta nuna haka. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara sujada a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923, tana cikin waɗanda Boko Haram ta fi ɗaiɗaitawa. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoban shekarar aka ƙwace hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. An ƙone gine-gine, kayan kiɗan zamani sun tafi da su. Abin da ya tsira shi ne abin da ke cikin kai. A sansanonin gudun hijira matan Zumunta suka sake haɗuwa suna rerawa, a 2015 ma ƙungiyar mawaƙansu ta zagaya Amurka tana ba da labarin mutanenta. A Yola kuwa Bishop Stephen Mamza na Katolika ya buɗe harabar babban cocinsa ga waɗanda suka gudo, daga baya ya gina musu gidaje, ya haɗa da masallaci domin Musulmin cikinsu. Wanda aka yi wa haka, in ya ji waƙa daga wannan coci, da wani kunne zai saurara.

Ba cewa nake a jefar da kibod a koma zamanin fitilar ƙwai ba. Cewa nake waƙar ibada tana shiga gidan maƙwabci ne gwargwadon yadda mai waƙar ya riga ya shiga. Don haka idan dattawan ikilisiya suka zauna kasafta baiko, kafin a ware kuɗin sababbin lasifikoki, a fara tambaya: gidaje nawa a layin nan, na Kirista da na Musulmi, mawaƙanmu suka shiga bana domin jaje ko barka ko duba mara lafiya? A bar wa tsofaffin mata fili su koya wa 'yan kwaya waƙoƙin amshi tun suna da rai. A mayar da bakin lasifika ciki, a rage ta in dare ya yi. Sa'annan ranar Asabar, bayan an gama gwajin waƙa, a ɗauki tulu da mudun hatsi a fita.