Kada Ku Sayi Injin Da Ba Ya Gyaruwa

'Yan'uwa manoma, a Amurka da Turai akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tayar da tsofaffin kwamfutoci. Ba don kuɗi suke yi ba. Mutum ya sami Apple II ta 1977, ko Commodore 64 ta 1982, a gwanjo, ya kai ta gida, ya zauna da ita da yamma kamar mai gyaran rediyo. Wani zai ce rashin aikin yi ne. Ni kuwa ina ganin akwai darasi a ciki dominmu.

Sau da yawa abin da ke kashe tsofaffin na'urori ƙarami ne. Wata batir ne ya tsiyaye ya cinye hanyoyin tagulla na cikinta. Wata kafasita ce ta bushe. Wata kuma akwatin ba da wuta ne ya lalace ya ƙone mata ƙwaƙwalwa. Mai gyara ya auna da mita, ya narka dalma, ya cire mataccen abin ya dasa sabo. Sai ka ga na'ura mai shekara 40 ta tashi.

Me ya sa hakan ya yiwu? Domin kamfanonin sun buga zanen wayoyin cikinta a littafi, kowa na iya samu. Murfin ma ba da gam aka liƙe shi ba, yana buɗuwa.

Yanzu abin ya sake. Manoman Amurka sun sha fama da taraktocin zamani masu kwamfuta a ciki, waɗanda dila kaɗai ke da kayan gano cutarsu. Ga girbi ya zo, ga tarakta a tsaye. Sai da jihar Kolorado ta kafa doka a 1923 da ɗari, wato 2023, ta tilasta wa kamfanoni ba manomi littafin gyara da kayan aiki.

Saboda haka, kafin ƙungiyarku ta zuba kuɗin taro a injin niƙa, ko na ban ruwa, ko famfo mai aiki da hasken rana, ku yi tambaya uku. Akwai littafin gyaransa? Ana samun kayansa a kasuwa kusa? Makanikin garinmu zai iya buɗe shi? In amsar babu ce, ku riƙe kuɗinku, komai ƙyallin fentinsa. Araha ba ta ado.

Tsohon injin da ke jingine a bayan sito kuma, kada ku yi saurin sayar wa 'yan gwangwan. Ku sa matasa biyu su zauna da makaniki su duba shi tukuna. Da tsohuwar zuma ake magani.