Kafin ka tambayi giya nawa ce, auna keken da mai hawansa

Jama'a, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, keke ya dawo da darajarsa. Magidanta da dama sun jingine mashin, kuɗin kabu-kabun yara zuwa makaranta kuma ya gagari albashi. Sai dai yadda muke sayen keken nan akwai gyara.

Mutum zai shiga kasuwar Jega, tambayarsa ta farko giya nawa ce, Shimano ce ko kuwa. Shi wanda zai hau keken yana gida, ba a ma zo da shi ba. In yaro ne sai a ɗauko mai taya inci 26 a ba ɗan shekara tara, wai zai girma ya tarar da shi. To kafin ya girma fa? Ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa ba su kama birki da kyau, ga shi a bakin titin Sakkwato zuwa Jega inda manyan motocin albasa ba su san wani yaro ba. Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma ba dalili ba ne mu riƙa kai musu aiki.

Ku dubi masu gasar nan ta tirayatalon, da ta shiga Olamfik a 2000: ninƙaya kilomita 1.5, keke kilomita 40, sannan gudu kilomita 10. Kekensu ya fi mashin tsada nesa ba kusa ba, amma masu horar da su awon jiki suke sa wa gaba, domin wanda ya sauko da ciwon baya da gwiwa ba ya iya gudun da ya rage.

Mu awonmu bai buƙatar na'ura. Ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa a ƙasa, a ga ɗan sarari tsakaninsa da ƙarfen sama. Ya hau sirdi ya ɗora diddige kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba. Hannu ya kai birki ba sai ya yi miƙa ba. Sabon koyo kam a sassauto masa sirdi.

Giya 21 kuwa me za ta yi maka daga Sabiyal zuwa Aliero, ƙasa shimfiɗaɗɗa, ga yashi da ƙura masu cin sarƙa? Tsofaffin Raleigh da Phoenix na iyayenmu giya ɗaya gare su, da su aka yi ta kai buhu kasuwa. Sarƙa, feda, sirdi, duk mai gyaran keke zai canza maka su gobe. Firam ɗin da ya yi wa yaro girma sai dai a sayar a yi asara.

Don Allah mai niyyar saye a ƙarshen watan nan, ya tafi da mai hawan.