Ba Ɓacewa Suka Yi Ba, Rusau Ya Kore Su

Jama'a, idan mai cutar ƙanjamau ya daina zuwa karɓar magani, sai asibiti ya rubuta wai ya ɓace. Ya ɓace ina? A 2006 gwamnatin Obasanjo ta mayar da maganin kyauta, a shekarar kuma katafila ta share Idu-Karmo. A 2024 aka rushe Ruga. Wanda aka watsar wa kaya ya koma Suleja ko Mararraba, kati ya salwanta, kuɗin mota ya gagare shi. Maganin nan kuwa kullum ake sha. In aka yanke, cutar ta farfaɗo, har ta daina jin magani.

Muna kira ga Ministan Abuja da hukumar NACA: kafin kowane rusau, a ba majinyata takardar canjin asibiti da maganin wata shida. Mai son a raka shi asibiti ya ga sakatare a asirce.