Allurar kumburin hanji: sayenta ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa da ke kai majinyatansu Tunisiya, Maroko ko Indiya, yau za mu duba wata cuta da galibi ake ɗaukarta atuni. Mutum ya yi wata da watanni yana zawo da jini da murɗar ciki, yana ramewa, a sha na asibiti a sha na gargajiya, shiru. Sai an zura na'ura mai kyamara cikin hanji sannan a gane garkuwar jikinsa ce da kanta take cin hanjin har ta yi masa gyambo. Iri ɗaya likitoci suna ce masa cutar Crohn, ɗayan kuma kumburin babban hanji mai gyambo.

Tun 1998 Amurka ta amince da allurar infliximab domin cutar Crohn, adalimumab ta biyo a 2007. Daga ƙwayoyin halitta masu rai ake haɗa su, shi ya sa suke da tsada. A 2013 Turai ta yarda da kwatankwacin infliximab mai rahusa, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan allurai cikin jerin magunguna na dole. Farashi ya sauko, madalla. To amma a ganinmu, abin da ake mantawa wajen lissafi shi ne awon da ke biyo bayan allurar.

Wani bincike da aka buga a Ingila a 2019 ya bi masu Crohn fiye da 1,600. Kusan ɗaya cikin huɗu, allurar ba ta kama su ba a sati na 14, kuma bayan shekara guda sama da kashi 60 cikin 100 ciwonsu bai lafa sarai ba. Abin da aka fi gani ga waɗannan shi ne ƙarancin maganin cikin jininsu. Jiki yakan ɗauki allurar a matsayin baƙo, ya ƙera abin da zai kore ta. Kuɗi sun fita, magani ya bi ruwa, mai shi bai sani ba.

Shi ya sa ake ɗibar jini dab da allura ta gaba, a ga nawa ya rage. In ya yi ƙasa, likita ya ƙara yawa ko ya matso da rana. In jiki ya riga ya ƙi maganin, a canza wata allura. In kuwa maganin na nan isasshe amma kumburi bai sauka ba, sai a koma wani iri dabam kamar vedolizumab ko ustekinumab. Kumburin kansa da awon CRP na jini ake ganinsa, da awon calprotectin na bayan gida, lokaci-lokaci kuma a sake leƙa hanjin. Tsayawar zawo ba warkewa ba ce; mace mai sayar da atamfa ta san cikar shago da mutane ba ita ce riba ba, sai an buɗe littafi.

Mu nan akwai abubuwan da suka fi damunmu. Waɗannan allurai suna rage garkuwar jiki, suna iya tada tarin fuka da ya kwanta, don haka dole a auna shi da ciwon hanta iri B kafin a fara. Balle ma tarin fuka na hanji yana kama da Crohn ƙwarai. Sannan allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ku tuna zafin Afrilu da ɗaukewar wuta. Masu sayen ƙwayar prednisone wurin ƴan talla don ciki ya lafa kuwa, ɓoye wa likita gaskiyar ciwon kawai suke yi.

Infliximab ƙarin ruwa ce: ranar farko, sati 2, sati 6, daga nan duk sati 8. Adalimumab duk sati 2. Kafin ku baro asibitin waje, ku karɓi takarda mai sunan allurar, yawanta, ranakunta da sakamakon awo na ƙarshe, ku kuma tambayi wane likita zai ci gaba da dubawa a Yamai ko Damagaram, da inda za a riƙa aika jinin.