Filin Direbobi: Kada a yi gaggawar kwance kafireta



Wani mai karatu daga Garwa ya aiko da kukansa. Motarsa Peugeot 504 ce, fijon nan da ta fara fitowa a Faransa a 1968. A cikin gari lafiya lau, amma da ya kama hawan dutsen Ngaundere sai ta riƙa shaƙewa har ta mutu. In ta huta minti 10 ta tashi. Sau biyu ana wanke masa kafireta, kuɗi sun tafi, ciwo na nan.

Malam, kafireta ba ta da laifi tukuna. Motar da ke mutuwa a hawa ta tashi bayan hutu, galibi mai ne bai isa gaba ba. A bi shi daga tanki.

Da ta mutu, buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska "fuu", to kafar numfashin tankin ta toshe, famfo ba ya iya jawo mai. Daga nan sai filta. Man kwalba na bakin hanya, zuwa-zuwa ke nan, yakan zo da ƙasa da ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki ya haifar da tsatsa, tsatsar ta taru a filta. Canja ta, ba ta da tsada.

In ba a dace ba, saura famfon mai da ke jikin inji. Cire ƙaramar wayar kwayil don kada wuta ta tashi, zare tiyon da ke shiga kafireta, sa bakinsa cikin kwalba, wani ya murza makulli. Mai ya kamata ya riƙa tsartuwa da ƙarfi. In ɗiga yake yi, famfo ya gaji. A yi wannan inji na sanyi, ba taba a kusa. Tsotsar tiyo da baki kuwa, don Allah a bari, fetur in ya shiga huhu illa ce babba.

Abin da ya fi damuna shi ne robar cikin famfon. In ta yage, fetur na iya zurarewa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Zaro sandar awo ka sansana. Ka ji warin fetur, ko ka ga mai ya haura alama ba kai ka ƙara ba? Ajiye motar nan take, a canja famfo da baƙin mai tare, tun kafin inji ya buga.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan bakanike ya taɓa kafireta.