"Ku koma tudu": wane tudun, ta wace hanya?

Gabanin kowace damina hukumar NIHSA kan fitar da hasashen ambaliya, NEMA kuma ta shawarci mazauna kwari su koma tudu. Abin da akan rasa a sanarwar shi ne sunan mafaka da hanyar isa gare ta. A 2022 ruwa ya shanye titin Abuja zuwa Lokoja a Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A Yunin 2023 kuma ya mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe. Wanda ambaliya ta tasa daga barci ba shi da sukunin tambaya. Wajibi ne masu tsara sanarwa su ambaci makarantar da kowace unguwa za ta fake, da hanya ta biyu idan ta farko ta yanke, tun kafin hadari ya haɗo.