Wa ya ce zane baƙo ne a ƙasar nan?

Akwai wata magana da ta kama bakin ƴan bokonmu har ta kusa zama karin magana: wai zane-zane al'adar Turawa ce, ɗan Nijar bai gaje ta ba, kuma ba ya bukatarta. Ana jin ta a ɗakin hutun malamai, ana jin ta a tarurrukan ƙungiyoyin raya al'adu. Ni kuwa na ce ƙarya ce, kuma ƙarya mai tsada, domin a inuwarta masu zanenmu suke mutuwar tsaye, masu faɗinta kuwa sun naɗe hannu suna kallo.

Abin da ya tayar mini da wannan zance shi ne wani wuni da na yi a Yamai a babban hutun da ya wuce, tare da wani tsohon abokina da muka yi aji ɗaya tun muna kwaleji, wanda yau babban ma'aikaci ne. Daga hantsi har magariba muka zagaya ɗakunan nunin zane biyu da shagunan masu zane huɗu. A ɗakin farko sai da mai gadi ya nemo mabuɗi ya kunna mana wuta. Littafin da baƙi ke sa hannu yana ajiye bakin ƙofa, sunayen ciki galibi na ƙetare ne, kuma na ƙarshe ya kwana biyu. Bayanin da aka liƙa ƙarƙashin kowane zane da Faransanci kawai aka rubuta shi.

A shagunan kuwa kaya iri ɗaya muka yi ta tararwa: raƙumi a kan tudun rairayi, Ba'abzine yana zuba shayi, mace tana daka, dukansu ƙanana daidai cikin akwatin matafiyi. Sai a shago na uku wani dattijo ya juyo mana da wasu manyan zanuka da ya jingine suna fuskantar bango. Ɗaya ambaliyar kogi ce ta shekarar 2020, mutanen Yamai ɗauke da katifu a ka, ruwa iya ƙugu. Ɗaya kuma layin mata ne a bakin famfo da asuba. Ya ce: "Malam, waɗannan na kaina ne, ba mai tambayarsu." Abincinsa yanzu daga rubuta allunan shaguna da ƙawata bayan manyan motoci yake fitowa. Da muka fito abokina ya girgiza kai ya ce: "Mutumina, ƙasar da buhun hatsi ya gagari talaka, wa zai sayi ƙyalle mai fenti? Bare ma abin ba namu ba ne."

Mu fara da "ba namu ba ne". A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, masana kuma sun ƙiyasta sun kai shekara 6000 ko fiye. Wane Bature ya koya wa mai wannan hannu? A unguwar Birni ta Damagaram, fuskokin gidaje cike suke da dagi da zankwaye da zanen da magina suka fitar da laka da makuba. A Yama, cikin jahar Tawa, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara gina masallacin Juma'a a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan gadon duniya. Ga zanen ƙwarya, ga aikin dukawa a kan fatar jar akuyar Maraɗi, ga aska takwas a ƙirjin riga, ga allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani. Uwayenmu ma, da suke jera kwanoni da tasoshi a ɗakin amarya tun daga ƙasa har rufi, mata na shiga suna kallo suna yabawa ko kushewa, me suke yi in ba nuni ba? Abin da ya zo mana daga waje ƙyalle ne da katakon da ake ɗaure shi. Ido da hannu a gida aka same su.

Wani abin kuma da ya zo daga waje, wanda ya fi ƙyallen illa, shi ne rabon da harshen Faransanci ya yi tsakanin "fasaha" da "sana'ar hannu". Na farko yana da suna da sa hannu da daraja, na biyu kuwa a taya shi kamar tumatir. Da wannan ma'auni aka shafe sunayen magina da dukawa da marina. Shi ya sa za ka sami ɗalibin lise da ya san sunan Picasso, amma bai taɓa jin Falke Barmu ba, ko Rissa Ixa mai zana rayuwar Abzinawa, ko Mustafa Alasan wanda ya zana fim ɗin "Bon voyage Sim" da hannunsa a 1966, ya zauna Tawa shekara da shekaru, ya rasu a 2015.

Wasu kuma da addini suke fakewa. Gaskiya ne malamai sun yi magana mai tsawo a kan surar abu mai rai, kuma duk wanda ya ƙaurace mata don tsoron Allah, ba mai ganin laifinsa. Amma wa ya taɓa haramta dagi, ko zayyana, ko kyakkyawan rubutu, ko zanen gari da kogi da itatuwa? Abin mamaki, yawancin masu kawo wannan hujja wuni suke yi suna kallon hotuna a salula, kuma hotonsu na ranar aure yana rataye a falo. Hujjar da ba ta tashi sai ranar da za a biya mai zane, a bincike ta.

Saura batun talauci. Ba wanda ya ce manomin da fari ya cinye gonarsa ya sayi zane. Da masu albashi ake, da ƴan kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyi. Ku shiga falonsu ku gani: hoton wani magangarin ruwa na ƙasar da ba su taɓa takawa ba, furannin roba, labulen Dubai wanda kuɗinsa zai sayi zane uku na dattijon nan. Mutumin da ke liƙa wa maroƙi jika 20 a dare ɗaya ba zai ce babu ba. Kuɗin yana nan, sha'awar ce ba a shuka ba.

Sakamakon kuwa ga shi a fili. Tun da ƴan ƙasa suka juya baya, mai zane ya koma yi wa baƙo abin da baƙo yake son gani, wato raƙumi da rawani. Wanda ya dogara da tukunyar wani kuwa, ranar da aka ɗauke ta zai kwana da yunwa. Tawayen 2007 ya rage masu yawon buɗe ido, sace ma'aikata a Arlit a 2010 ya ƙara korarsu, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma da yawa daga Turawan da suka saura suka tattara nasu ya nasu. A 2024 an sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar sunan Mustafa Alasan, a watan Maris na 2025 kuma an ayyana Hausa harshen ƙasa. Madalla. Sai dai sabon suna a bakin ƙofa ba ya cika ɗaki da masu kallo, doka kuma ba ta rubuta bayanin zane da kanta. Ƴancin al'adu da ake ta waƙa, in bai kai ga shagon mai zane ba, a baki ya tsaya.

Ya ku malamai, wannan aiki ba ya jiran kasafin minista. Sau ɗaya a shekara ku fita da aji. Na Damagaram su taka zuwa Birni, su zana fuskar gida ɗaya a littafinsu, su tambayo sunan maginin da ya yi ta. Na Maraɗi su zauna wurin majema da dukawa. Na Tawa su nemi hanyar Yama, ko Dandaji, inda a 2018 Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi. Na Yamai suna da gidan tarihi na Bubu Hama tun 1959, da masu sana'a suna aiki a cikinsa. In an dawo, kowane ɗalibi ya bayyana abin da ya gani, shafi ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci. A nan ne kalmomin da ake cewa Hausa ba ta da su za su fito, domin suna bakin magina tun kaka da kakanni.

Ku kuma ƙungiyoyi, kuna gayyatar mawaƙi da ɗan wasan kwaikwayo a kowane biki, me ya hana mai zane? Kowace ƙungiya ta sayi zane ɗaya a shekara, ko da ta hanyar adashi ne, ta rataya shi a ɗakin karatu da sunan mai shi, da bayani cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Masu zane su ma ba su kuɓuta ba: su juyo da zanukan nan da ke kallon bango, su yanka farashin da malamin makaranta zai iya biya kashi-kashi, su bar raƙumin nan ya huta.

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Namu yoyon mun san wurinsa: yaro yana gama sakandare ba wanda ya taɓa tsayar da shi gaban aikin hannun ɗan ƙasarsa ya ce masa "duba, me ka gani?" Ranar da aka fara yi masa wannan tambaya, shi zai girma ya zama mai saye, ko mai suka, ko mai zanen kansa. Allah ya ba mu ikon farawa tun daga komawar makaranta mai zuwa.